Ƙarfen da Ruwa Ya Ci

Uwata Habiba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da ɗakinsa bai fi taku goma da naki ba, amma ya ɗauki biro saboda bakinsa ya yi nauyi. Allah Ya sa ki buɗe takardar nan cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare motar da kika shiga da mai tuƙa ta, Ya sauke ki Fatakwal da ƙafar dama. Na sa ta a aljihun jakarki na waje don ki gan ta da wuri. Ki karanta kafin ku wuce Agyaragu, akwai dalili. In kuma kin ji jakar ta fi yadda kika ɗaure ta nauyi, kada ki zargi 'yan tasha, aikina ne.

Tun ina saurayi na ji wata magana a bakin wani tsoho mai gyaran inji a bayan kasuwa, ana ce masa Baba Mai Sifana. Ya ce wai ruwan sanyi yana tafasa a cikin injin ban-ruwa, ba wuta ba rana, kuma wai kumfar wannan tafasar tana cin ƙarfe kamar yadda gara ke cin azara. Mu da ke zaune a bencinsa muka yi ta dariya. Ni a gaban kakata na tashi, wadda in ta fara tatsuniya da Gwandara har kaji sai sun yi shiru. A bakinta na ji kura ta yi limanci, na ji ƙwarya ta kai ƙara gaban sarki. Saboda haka na ɗauka in an yi tatsuniya ina gane ta tun daga nesa. Na ce a raina, tsohon nan ya sha hayaƙin inji ya yi masa yawa. Ruwan da jariri ke wasa da shi, shi zai ci ƙarfe?

Bayan shi, mutum uku sun sake gaya mini wannan magana, kowa da irin bakinsa. Sai a bakin na ƙarshe na yarda. Tunda ke ma aikin injunan ruwa za ki yi, da takardarki da farar hularki, bari in ba ki labarin yadda ubanki ya yi karatunsa.

Kina goye muka fara noman rani a bakin rafin nan na hanyar Assakio. Maƙwabcin gonata wani Bativi ne, Terhemba, dogo, mai dariya har da kafaɗa. Daga wajen Kadarko iyayensa suka zo, amma duk 'ya'yansa a nan aka haife su. Ba za ki tuna shi ba. Matarsa ce ta goya ki wata biyu lokacin da mahaifiyarki ta kwanta ciwo, har kika fara kiran ruwa da yarensu kafin ki kira shi da namu. Muka haɗa hannu ni da shi muka sayi inji ɗaya, ja, sabo fil. Shi yana ba tumatirinsa ruwa da safe, ni ina karɓa bayan azahar in ba barkonona. Ranar Juma'a nasa ne duka, ranar Lahadi nawa. Ba mu taɓa rubuta wannan ba, ba mu kuma taɓa saɓawa ba.

Abu ɗaya muka bambanta. Terhemba yakan sauka da injin har bakin ruwa, ya ɗora shi kan katako biyu a cikin taɓo, ya sa masa gajeren tiyo. Ni kuwa da na karɓa sai in jawo shi saman gaɓa, gindin wani mangwaro, in ƙara wani tiyon in ɗaure mahaɗar da roba. In an tambaye ni sai in ce ina kare shi daga yashi ne. Wannan ita ce amsar da nake ba mutane. Gaskiyar ita ce gindin mangwaron akwai inuwa, kuma yana kallon hanya. A lokacin masu inji a layinmu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ina so mai wucewa a kan keke ya rage gudu, ya ce, “Na Sule ne wancan?”

Da rani ya yi nisa, rafi ya ja baya, sai injin ya fara wani irin kuka. Kin san ƙarar tsakuwa in an zuba ta a gwangwani ana girgizawa? To haka. Ga rawar jiki, har yana tafiya da kansa a ƙasa sai na tare shi da dutse. Ruwan da a da yake fita kamar cinya ya koma yana tofi yana tari. Da safe kuma, a hannun Terhemba, lafiya lau yake waƙarsa.

Wata rana ya hauro gaɓa yana share taɓon ƙafarsa, ya tsaya ya karkata kunne.

“Sule, injin nan ƙishi yake ji. Ka mayar da shi wurin uwarsa.”

“Wace uwar kuma?”

“Ruwa mana. Kai ka taɓa shan kunu da kara mai tsawon gora? Ka gwada, ka ga ko kumatunka ba su fashe ba.”

Na ce masa inji ba akuya ba ne da zai ji ƙishi, kuma wanda bai taɓa riƙe sifana ba bai kamata ya yi wa mutane wa'azin inji ba. Ya yi dariyarsa, ya ce, “To, Malam Injiniya,” ya tafi.

Uwata, inda za ki, za ki tarar da mutanen da suka shekara ashirin suna kwana da tashi da injunan da za a ce ke ce shugabarsu. Wasu ko sunansu ba su iya rubutawa ba. In ɗayansu ya ce miki inji na jin ƙishi, ko yana fushi, kada ki tsaya gyara masa magana. Ki tashi ki bi shi ki gani. Kuma duk lokacin da kika ajiye wani abu a wani wuri, ko kika ajiye kanki, ki tambayi zuciyarki: don aikin ne, ko don masu wucewa a kan keke?

Tunda na riga na yanke cewa yashi ne, sai na shiga yaƙi da yashi. A bakin tiyon da ke cikin ruwa akwai 'yar rariya mai hana ciyawa shiga. Na ga kamar idanunta sun yi faɗi. Na ɗauko tsohon zanen mahaifiyarki, na ninka shi huɗu, na ɗaure a kan rariyar. Kukan ya ƙaru. Na ce ashe yashin nan mai laushi ne, na ƙara da guntun gidan sauro. Ranar injin ya yi ta kakari kamar rago a hannun mahauci.

Mahaifiyarki ta kawo mini abinci, kina bayanta. Ta sauke kwano, ta leƙa rafin, ta ga zanenta a cikin ruwa.

“Malam, wancan ba zanena ba ne?”

“Tsoho ne ai.”

“Ba tsufansa nake ji ba. Ka ɗaure wa abu baki da zane, sannan ka ce ya sha ruwa? Shaƙe shi ka yi.”

Na ce mata ta tsaya a kan tukunya, ta bar mini inji. Ta jira na gama ci, ta ɗauki kwanonta, ta gyara goyonki, ta kama hanya. Kin san yadda take: in ta faɗi abu sau ɗaya ta sauke nauyi. Shekara shida ke nan da rasuwarta, kuma yanzu da a ce za ta dawo ta gyara mini ko da yadda nake ɗaura hula ne, da na zauna na saurara har la'asar. Mutum ba ya sanin yawan maganar da ke gidansa sai ta ƙare.

Abin da zan ce miki a nan kaɗan ne. In kin ba da magani ciwo ya ƙaru, kada ki ninka maganin. Ki koma ki duba ko tun farko kin san ciwon. Ni sau biyu ina ninkawa, kuma kowane ninki ina jin kaina mai dabara.

Kafin damina injin ya tsaya. Na kai shi gareji aka buɗe. A cikin cikinsa akwai wata fanka ta ƙarfe, ita ke juyawa ta jawo ruwa. Da makanike ya zaro ta, sai na ga fikafikanta duk ramuka, kamar fuskar mai zanzana, gefe ɗaya ma ya cinye ya zama kamar bakin tsohon lauje. Robar da ke hana yoyo ta lalace, boris ɗin da fankar ke juyawa a kai ya tafi saboda girgiza. Na ce wa makaniken, “Yashi ne ko?” Ya ɗaga kafaɗa ya ce zai iya yiwuwa. Ni kuwa “zai iya yiwuwa” ta ishe ni. Wa ke jefa inji cikin taɓo kullum safiya? Na sa fankar a aljihun babbar riga, na nufi fadama.

Ranar manoma sun taru gindin mangwaron nan ana maganar rabon ruwa, Sarkin Noma na zaune. Na jefa fankar a tsakiya, na ce ga abin da Terhemba ya yi mana da ƙazantarsa. Ya ɗauka, ya juya ta, ya sa yatsa a ramukan. Bai ɗaga murya ba.

“Sule, a hannuna yake kuka, ko a hannunka?”

Wani ya tuntsire da dariya, sauran suka kama. Har Sarkin Noma na ga ya sunkuyar da kai yana gyara rawani. Wallahi da zagina aka yi da na iya haɗiyewa. Dariyar ce ta shige ni. Sai na ji bakina ya ce, “Mu da aka binne cibiyarmu a nan, ba baƙon da ya zo jiya ne zai koya mana ruwan rafinmu ba.”

Akwai Alago a wurin, akwai Eggon, akwai Migili, kowa ya shiga duban ƙafarsa, don kowa ya san in aka fara wannan lissafin babu wanda zai tsira. Terhemba ya miƙo mini fankar da hannu biyu, yadda ake miƙa wa babba abu. Ya ce, “To, Sule. Injin naka ne.” Ya ƙarasa ranin da bokiti, shi da matarsa, suna hawa suna sauka a gabana. Da ya haƙe doyarsa a kaka, ya kwashe iyalinsa suka koma Kadarko. Bai zo sallama ba. Matarsa ce ta zo, ta ɗauke ki ta yi ta juyi da ke a tsakar gida, ita da mahaifiyarki suna kuka, ni ina zaure ina gyaran rediyon da ba abin da ya same shi.

Habiba, ki ji tsoron lokacin da aka yi miki dariya a cikin mutane. A nan Shaiɗan ke ajiye kalmar da ta fi kowace kaifi, ya sa ta kusa da harshe. Can inda za ki, ke ce baƙuwa, wataƙila wata rana a gaya miki abin da na gaya wa mutumin nan. In an gaya miki, ki san bashin ubanki ne ya biyo ki, ki yi haƙuri. Amma ke kada ki taɓa tambayar mutum inda aka binne cibiyarsa alhali maganar da ke gabanku ta inji ce.

Na sa sabuwar fanka. Rani ɗaya ta yi, ta koma kamar ta farko. Yanzu kuma ba Terhemba, ba taɓo, ba wanda ke taɓa injin sai ni. Kin ɗauka na gane? Na ce aljanun rafi ne. Na karɓo rubutu na zuba a bakin tiyo. Aljanun suka sha rubutun suka cinye fanka ta uku. Abin da ya cece ni a ƙarshe ba hankali ba ne, ciwon baya ne. Na wayi gari ba na iya jawo injin saman gaɓa, na bar shi a bakin ruwa kan katakon da Terhemba ya bari, zanen ma ya riga ya ruɓe ya faɗi. Na ja igiya. Injin ya tashi shiru, ruwa ya fito kamar cinya. Na tsaya cikin taɓo ni kaɗai ina kallonsa. Babu kowa a gonar da ke gefena, ciyawa ta rufe kunyoyin.

Tun ranar rabin zuciyata ta sani. Ɗaya rabin ta ce, ai wataƙila yashin ne ya ƙare. Da wannan rabin na rayu shekara ashirin da wani abu. Fankar farko kuwa ban yar ba. Na ajiye ta a matsayin shaida, wai ko wata rana za a sake zaman shari'ar. Duk ƙarshen shekara, lokacin da a da su Terhemba ke aiko mana da shinkafar Kirsimeti, mahaifiyarki takan ce, “Malam, Kadarko dai ba Makka ba ce, ba a neman biza.” In ce mata sai bayan girbi. Girbi ya yi ta zuwa yana wucewa, har ita ma ta wuce. Ban-haƙuri kamar tuwo yake, Uwata. Da zafinsa ake ba da shi. In ya kwana ya yi tauri, mai shi ma kunyar fito da shi yake.

Yau gidan nan ya rage ni da ke, gobe ya rage ni da rediyo. Yayyenki suna kira ranar Juma'a, Allah Ya yi musu albarka, su tambayi ƙafata, in ce da sauƙi, shi ke nan zance ya ƙare. Abokan bencin Baba Mai Sifana duk sun riga ni. Da na zauna ina duba wanda ya rage a duniya da ya san ni da ƙarfina, wanda in na ce “ka tuna shekarar da ambaliya ta tafi da barkono?” zai ce ya tuna, sai na ga mutum ɗaya ne. Shi ne kuma wanda na kora.

Wata biyu da suka wuce, bayan la'asar, ina kwance a zaure, idona a rufe. Sai na ji an ɗauki ƙarfen da nake tokare ƙofa da shi. Mai ɗaukar tana waya da ƙawarta, suna bitar tambayoyin da za a yi musu wurin neman aiki. Na ji tana cewa, “Ke, ga ma misali a hannuna. In inji ya ja ruwa, ruwan bai iso masa yadda yake so ba, ko don an ɗora shi can sama, ko tiyo ya yi tsawo, ko an toshe masa baki, sai ruwan ya tafasa da sanyinsa, ya yi ƙananan kumfa. Kumfar na isa jikin fanka sai ta fashe, kowace ɗaya kamar an buga ƙaramar guduma. Ita ce ƙarar tsakuwar da ake ji, alhali ba tsakuwa ko ɗaya.” Ƙawar ta yi wata tambaya. Ta ce, “A'a, ba a rikita su. Yashi gogewa yake, ya bar ƙarfe sumul kamar dutsen niƙa. Wannan ramuka ne, ruwa ne ya ci. Ko wane ne mai injin nan, shi ya kashe abinsa da hannunsa.” Ta yi dariya, ta mayar da ƙarfen bakin ƙofa, ta shiga cikin gida.

Shaidar da na ajiye shekara ashirin ta tashi ta ba da shaida a kaina.

To ga dalilin da na ce ki karanta kafin Agyaragu. Fankar ce a jakarki, na naɗe ta a tsumma. In kun isa Kadarko ki sauka. Na san za ki rasa kujerarki, ki sha rana kafin ki sami wata motar Makurɗi, ki yafe mini. Ki tambayi masu doya gidan Terhemba, wanda ya taɓa noman tumatir a hanyar Assakio. Su suka gaya mini idanunsa sun tafi, kuma tun daminar bara bai fita ko coci ba. Ki durƙusa ki gaishe shi, ki kira shi Baba, don ya ci wannan sunan a wurinki. Ki sa masa ƙarfen a hannu, yatsunsa za su gane shi. Ki ce, Sule ya ce ruwa ne ya ci, ba yashi ba. Ki ce Sule ya ce injin ƙishi yake ji. Ɗaya maganar kuma, ta cibiya, kada ki ɗauka, ta fi ƙarfin jakarki. Wannan ni zan kai ta da ƙafata, in ya ce in zo.

Za ki ce me ya hana ni zuwa tun farko. Zan iya cewa gwiwa, kuma ba ƙarya na yi ba. Amma gaskiyar ita ce tsoro nake ji in yi sallama a ƙofarsa ya ce, “Wane Sulen?” Ke in ya ji sunanki ba zai tambaya ba.

In kuma kin tarar na makara, ki ba matarsa. Ki kira ni duk da haka, kada ki ɓoye mini don tausayi. Wayar tana aljihuna, na sa an cika mata caji, gobe ba zan kunna rediyo ba.

Allah Ya kiyaye ki a hanya da masauki. Ya haɗa ki da shugabanni masu adalci da maƙwabta masu dariya. Ya tsare miki sallarki da mutuncinki, Ya sa kunnenki ya fi bakinki sauri. Ya jiƙan mahaifiyarki, Ya kai haske kabarinta. Ya sa in kin dawo hutu ki same ni, ki kuma same ni da labarin Kadarko.

Baba Mai Sifana ya gaya mini, na ce hayaƙi ne. Terhemba ya gaya mini, na ce baƙo ne. Mahaifiyarki ta gaya mini, na ce mace ce. Na san tun ɗazu kin gane ta ƙarshen, kina ta kunya a cikin motar mutane. Kada ki ji kunya, ba ki san naki uban ne mai injin ba, kin kuma ɗauka barci nake. Ke ce, Habiba. Idona biyu.

Mahaifinki,
Sule